Wane Muhammadu Ali?

A zamanin da En'e ke karɓar haraji, babu abin da ya fi ba malamin haraji wahala kamar suna. Ya kan zauna gindin bishiya a ƙofar gidan dagaci, littafi bisa gwiwa, ya ɗaga murya ya kira, "Muhammadu Ali!" Sai mutum huɗu su miƙe. Tilas ya ajiye alƙalami ya tambaya, "Wane Muhammadu Alin?" Sa'an nan a shiga rarrabewa: wannan maƙeri ne, wannan na unguwar gabas ne, wancan shi ne dogo, wancan kuwa shi ne wanda jakinsa ya faɗa rijiya bara. In malami ya yi garaje, sai ya ba wani takardar wani, wanda ya biya a sake binsa, wanda bai biya ba ya tafi gida yana murmushi. Malaman da suka daɗe cikin aikin duk sun gane abu guda, watau suna shi kaɗai ba ya nuna mutum, sai an haɗa da aikinsa.

Wanda kuka haɗa suna da shi, shi Hausawa ke kira takwara. Takwara kuwa abin so ne. In baƙo ya sauka gari ya tarad da takwaransa, ya sami masauki ke nan. In aka yi wa babban mutum takwara, ya kan kawo rago ko riga, ya riƙa kula da yaron har ya girma. Mutane kuma na cewa suna linzami ne, wai inda sunan yaro ya nufa, can halinsa zai bi. Shi ya sa iyaye ke dogon tunani kafin ranar suna. To, amma in suna guda ya hau kan mutum biyu, ɗaya ya bar abin yabo, ɗaya ya bar abin kuka, ina linzamin zai ja yaro? Wannan ita ce tambayar da ta kusa raba wani tela da baffansa a cikin shekarar 1974.

Telan nan mutum ne mai son labarin duniya. Bai yi boko yana yaro ba, sai da ya yi aure ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya fito da takardar shaida, tun daga ran nan kuwa jarida ba ta wuce shi. Yana da 'yar rediyo da ya ke ratayewa kusa da keken ɗinkinsa. Daren Laraba, 30 ga watan Oktoba, bai runtsa ba, saboda abu biyu. Matarsa na naƙuda a cikin gida, a birnin Kinshasa kuma, ƙasar Zayar wadda yanzu a ke kira Kongo, za a yi dambe tsakanin Muhammadu Ali da George Foreman. Ƙarfe 4 na asuba aka sa damben. Foreman saurayi ne ɗan shekara 25, ba a taɓa cinye shi ba. Ali kuwa ya kai 32, galibin masana sun ce yayinsa ya wuce. Da aka shiga, sai Ali ya jingina da igiya, ya bar Foreman ya yi ta jibga har ƙarfinsa ya ƙare, a turmi na 8 ya ba shi hannu, ya zube. Tela na ta murɗa rediyo har ya sami labari. Gari bai gama wayewa ba sai ga guɗa daga cikin gida, an sami namiji. Tela ya ce a ransa, "Suna ya samu."

Mahaifin tela ya riga ya rasu, babban gidan shi ne baffansa, wani tsohon alhaji wanda ya tafi Makka a ƙasa tun ba a san jirgin alhazai ba. Tafiyar ta ci masa shekara 12, yawancinsu a Sudan, yana aikin auduga a gonakin Jazira kusa da Wad Madani yana tara guzuri, kamar yadda dubban Hausawa suka yi. Tela ya ɗauki goro ya je zaurensa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi.

Ya ce, "Baffa, an sami ƙaruwa. In ka yarda, ina so a sa masa Muhammadu Ali."

Tsoho ya yi shiru yana jan tasbaha. Can ya ce, "Wane Muhammadu Alin?"

Ya ce, "Na Amurka, Baffa, sarkin damben duniya."

Tsoho ya ce, "Dambe! Mu a gidan nan ba mu gaji dambe ba. Amma bar ta wannan. Ni na ji labarin wani Muhammadu Ali tun ba a haifi naka ba, ban kuwa ji alherinsa ba a bakin waɗanda suka gaji labarinsa. Ka sa Muhammadu, ko ka sa Aliyu, duk wanda ka ga dama. In kuwa sai ka haɗa su, to, ku yi sunanku, ni ba ni zuwa."

Wanda tsoho ke nufi shi ne Muhammadu Ali Basha, mai Masar. Ya kamata mai karatu ya san ko shi wane ne, don ya ga tsoho ba don rigima ya ke magana ba.

An haifi Basha wajen shekarar 1769 a garin Kabala, wanda yanzu ke cikin ƙasar Girka. Asalinsa mutumin Albaniya ne, da ƙuruciyarsa kuma fataucin taba ya yi. Sa'ad da Napoliyon na Faransa ya ci Masar a 1798, sai Sarkin Santambul ya aika da runduna don a kore shi, Muhammadu Ali yana cikinta, ya sauka Masar a 1801. Bayan Faransawa sun fita ƙasa ta rikice, shi kuwa da wayo da ƙarfin hali ya yi ta hawa, har aka naɗa shi gwamnan Masar a 1805. Manyan da ke iya ja da shi su ne sarakunan yaƙin da a ke kira Mamaliki. A 1811 ya gayyace su buki a babbar fadar da ke bisa dutse a Alƙahira. Da suka shiga wata ƙuntatacciyar hanya, sai aka rufe ƙofofi, aka yi musu ruwan harsashi, ɗaruruwa suka mutu. Daga ran nan Masar ta zama a tafin hannunsa.

Kada a ce bai yi aiki ba, ya yi. Ga wani abu da zai daɗaɗa wa wanda ya koyi karatu da girma: wannan mutum da ya mallaki Masar bai iya karatu ba sai da ya kai shekara 40 ko fi, sa'an nan ya zauna ya koya. Da ya ɗanɗana daɗin abin, sai ya kafa maɗaba'a a Bulak wajen 1820, ya buɗe makarantar likitoci a 1827, ya fito da jaridar gwamnati a 1828, ya aika da samari Faransa neman ilmi. A zamaninsa ne aka yawaita noman audugar nan mai dogon zare wadda ta fito da sunan Masar a kasuwannin duniya. Zuriyarsa ta riƙe sarauta har 1953.

Amma talakawa ne suka biya kuɗin wannan girma da jikinsu. Da ya so a haƙa hanyar ruwa daga kogin Nilu zuwa Iskandariya, aikin tilas aka sa manoma, dubbai suka mutu a bakin ramin. A 1820 kuma ya aika da ɗansa Isma'ilu ya ci Sudan, abin da ya ke nema kuwa biyu ne, zinariya da bayi waɗanda zai mai da su soja. Birnin Sannar ya miƙa wuya a 1821. A 1822 sarkin Shandi, Mak Nimir, ya ga abin da a ke nema a hannunsa ya fi ƙarfinsa, ya sa aka cinna wa masaukin Isma'ilu wuta, ya ƙone a ciki. Ramuwar da aka yi a kan mutanen ƙasar ba ta da daɗin ji. Bayin da aka kora zuwa Aswan don koyon soja kuwa, da yawa sun mutu a hanya, da yawa sun mutu a sansani. Da Basha ya ga haka, sai ya juya kan manoman Masar da kamun soja, har ya zama mutum ya kan datse yatsansa ko ya ɓata idonsa don kada a ɗauke shi. Basha ya rasu a 1849, kabarinsa na cikin babban masallacin da ya gina a fadar nan ta bisa dutse.

Tsoho bai karanta wannan a littafi ba. A gidan da ya zauna a Sudan akwai wani dattijo maƙwabcinsa, wanda kakansa na cikin waɗanda aka kamo daga duwatsun Nuba yana yaro, bai kuwa sake ganin uwarsa ba. Kullum dattijon nan in ya ambaci sunan Basha sai ya kau da kai. Wannan kau da kai shi ne ya zauna a zuciyar alhaji shekara 40, shi ne kuma ya taso ran da ɗan ɗan'uwansa ya durƙusa gabansa da goro.

Tela ya koma shago ransa a ɓace. Shi ma yana da hujja, ba kuwa ƙarfin damtse kaɗai ya sa ya ke son mutumin ba.

An haifi ɗan damben nan a 1942 a garin Louisville na jihar Kentucky, a lokacin da baƙar fata a can ba shi da ikon cin abinci inda farar fata ke ci. Sunan da aka raɗa masa Cassius Clay. Yana ɗan shekara 12 aka sace masa keke, ya je wurin wani ɗan sanda yana cewa sai ya doki ɓarawon. Ɗan sandan, da ma yana koya wa yara dambe, ya ce masa ya fara koyon dukan tukuna. Shekara 6 bayan haka, a 1960, ya ciwo lambar zinariya a wasannin Olimfik na birnin Rum. A watan Fabrairu na 1964 ya ci Sonny Liston, ya zama sarkin damben duniya yana ɗan shekara 22. Gari na wayewa duniya ta ji ya bar addinin iyayensa, ya bi wata ƙungiyar baƙar fata mai kiran kanta Al'ummar Musulmi. A watan Maris shugabanta, Elijah Muhammad, ya sa masa suna Muhammadu Ali. A cikin shekarar nan ce ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar. Koyarwar ƙungiyar ta sha bamban da Musuluncin da aka sani, amma a 1975 shi da yawancin mutanenta suka koma tafarkin sunna.

Sunan nan bai same shi a ɓagas ba. Jaridu da yawa suka ƙi rubuta shi, suka ci gaba da kiransa Clay. A 1967 wani ɗan dambe, Ernie Terrell, ya dinga kiransa da tsohon suna. Da suka haɗu, Ali ya yi turmi 15 yana dukansa yana tambayarsa ya faɗi sunansa. A cikin wannan shekara kuma gwamnati ta kira shi soja, lokacin ana yaƙin Biyetnam. Ya ce addininsa bai yarje masa ba, ya ƙi. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000. Ya ɗaukaka ƙara, bai shiga kurkuku ba, amma ya yi shekara 3 da rabi bai shiga fage ba, a daidai lokacin da ƙarfinsa ke tashe. Sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Abin da tela ke gani ke nan: mutum ya yarda ya rasa kuɗi da sarauta, bai yarda ya rasa sunansa da abin da ya gaskata ba.

Akwai wani abin mamaki wanda tela da baffansa duk ba su sani ba. Sunan da ɗan damben ya yar, shi ma na takwara ne. An yi wani Bature a Kentucky mai suna Cassius Clay, wanda ya rayu daga 1810 zuwa 1903. Ubansa na cikin manyan masu bayi na jihar, shi kuwa ya tashi yana ƙin bauta. Ya 'yanta bayin da ya gada, ya kafa jarida a 1845 yana sukar cinikin mutane, har 'yan gari suka taru suka kwashe masa injin bugawa. An nemi ransa ba sau ɗaya ba, daga baya Shugaba Lincoln ya aika da shi jakada Rasha. Don girmama shi ne kakan ɗan damben ya sa wa ɗansa sunan, ɗan kuma ya ba nasa ɗan. Ali ya ce duk da haka sunan bauta ne, tun da yake daga gidan masu bayi ya fito, ba daga kakanninsa na Afirka ba, maganarsa kuwa tana da tushe. Amma dubi ikon Allah. Ya ajiye sunan da ya haɗa shi da mai 'yanta bayi, ya ɗauki wanda ya haɗa shi da mai kamun bayi. Da a ce suna ne kaɗai ke jan mutum, da lissafin ya rikice. Ga shi kuwa bai rikice ba, don kama da wane ba ta wane.

Ba su biyu ne kaɗai suka ɗauki sunan ba. Akwai Muhammadu Ali Jinnah, lauya, wanda ya tsaya har aka kafa ƙasar Pakistan a 1947, ya zama gwamnanta na farko, ya rasu a 1948. Akwai kuma Duse Muhammadu Ali, wanda ya ce a Iskandariya aka haife shi a 1866. Shi ɗan wasan kwaikwayo ne, ya yi shekaru yana wasa a dandamalin Ingila, sa'an nan ya koma aikin jarida. Ya kafa wata a Landan a 1912 don kare mutuncin mutanen Afirka da Asiya, ya zo Ikko ya kafa jaridar Comet a 1933, a can kuma ya rasu a 1945. Ga sarki, ga ɗan dambe, ga lauya, ga ɗan wasa, in malamin haraji ya kira sunan, duk su miƙe.

Kwana biyar aka yi tela da baffansa ba su ƙara maganar ba. Tela ya sayi rago, amma ko abinci ba ya iya ci sosai, don ya san in babban gida bai zo suna ba, maganar za ta bi yaron har girmansa. Mai jego ma ta aiko masa cewa ya haƙura, ya bi abin da manya suka ce. Ana gobe suna sai ya tafi wurin limamin unguwa ya kwashe labari ya gaya masa. Bayan sallar la'asar liman ya kama hannun tela, suka nufi zauren tsoho.

Da aka gaisa, liman ya ce, "Alhaji, tambaya na zo yi. Shi Bashan nan, uwarsa ta haife shi da sunan ne, ko raɗa masa aka yi?"

Tsoho ya ce, "Allah gafarta Malam, ai raɗa masa aka yi, kamar kowa."

Liman ya ce, "To, wanda ya raɗa masa, daga ina ya samo?"

Tsoho ya yi salati, ya ce, "Daga Fiyayyen Halitta, da kuma Sayyidina Aliyu."

Liman ya ce, "Ashe aro ya yi. Kai kuma," ya juya wajen tela, "naka gwanin, shi ma aro ya yi. Rijiya guda suka ɗiba. In wani ya ɗebi ruwa ya zuba a ƙazamin tulu, ba a cewa rijiya ta ɓaci. Alhaji, kada ka bar wa Basha abin da ba nasa ba. Kai kuma yaro, gyara niyyarka. Ka sa wa ɗanka suna don masu sunan na asali, in ya so ka riƙa ba shi labarin ɗan damben, baffanka kuma ya ba shi labarin Basha, ya ji duka biyu, ya san abin ɗauka da abin bari. Ran gobe ba a miƙa wa kowa takardar takwaransa."

Tsoho ya daɗe bai ce kome ba. Daga nan ya ce, "Malam, ka yi gaskiya. Amma ni Aliyu zan riƙa kiransa." Liman ya ce, "Wannan kuma tsakaninka da jikanka." Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Kashegari da sassafe aka taru, aka raba goro, aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi suna, tsoho na zaune a sahun gaba. Abin dariya, sunan da aka yi wa wannan ja-in-ja kusan ba mai faɗinsa a gidan. Uwar ba ta faɗa, don ɗan fari ne. Kakarsa ta sa masa nata laƙabi. Uban ne kaɗai ke cika shi, shi ma sai in yaron ya yi laifi.

Tsoho bai ga ƙarshen labarin ɗan damben ba, amma tela ya gani. Ali ya sake cin kambu a 1978, karo na uku ke nan. Ya yi dambe 61, ya ci 56. A 1984 likitoci suka ce ya kamu da ciwon karkarwa da a ke kira Parkinson. A 1996 duniya ta gan shi a birnin Atlanta, hannunsa na rawa, yana kunna wutar buɗe wasannin Olimfik. A 2002 kuma aka so a girmama shi a Hollywood, inda a ke rubuta sunayen mashahuran 'yan wasa a daɓen hanya mutane na bi ta kai. Ya ce shi bai yarda a taka sunan Annabi ba, sai aka kafa nasa a jikin bango. Da tela ya ji wannan, lokacin shi ma ya yi furfura, sai ya ce, "Allah Ya jiƙan Baffa. Da yana nan, da yau ya yarda mutumin nan ya san sunan aro ne a wuyansa." Ali ya rasu ran 3 ga watan Yuni, 1916 da ɗari, watau 2016, aka yi masa salla a garinsu Louisville.

Yaron kuwa bai zama sarki ba, bai kuma taɓa ɗaura zare a hannu ba. Ya gaji keken ubansa. In baƙo ya shigo kasuwa yana neman Muhammadu Ali, a kan tambaye shi, "Wanne?" In ya ce wanda ba ya saɓa ranar da ya yi alkawarin ɗinki, nan da nan a ke nuna masa shagon.

To, mai karatu, kai ma kana da takwara, wataƙila ɗari, wataƙila dubu. Waɗansu sun ɗaukaka sunan kafin ka zo, waɗansu sun zubar da shi. Yabon na farko ba zai shiga littafinka ba, laifin na biyu ba za a bi ka shi ba. Ran da aka kira sunan, mutane suka ce "Wanne?", amsar da za a bayar kai ne ke rubuta ta yau da hannunka. Allah Ya sa a shaide mu da alheri, amin.